Yinin Marar Aiki a Madawa, Buza da Keita

Shugaban wannan zama, iyayenmu sarakuna, malamai, iyaye mata, da ku matasa da kuka cika bayan zauren nan, zan yi magana a kan abin da kowane gida a Madawa, Buza da Keita ya sani, amma ba a cika kawo shi gaban taro ba, wato yadda mutumin da ba shi da aiki yake cinye yininsa a cikin gari lokacin da kasuwa ta mutu.

Zan fara da wani adadi. In kuka duba ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, za ku ga rashin aikin yi a Nijar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙasa da na Faransa da na Jamus nesa ba kusa ba. Ma'aunin da aka yi amfani da shi ne bai dace da mu ba. A wurinsu duk wanda ya yi aikin awa guda a cikin mako, aka biya shi ko ya ci riba, mai aiki ne. Saurayin da ya loda buhun albasa goma ranar kasuwa, ya zauna kwana shida yana jiran wata mota, an rubuta shi cikin ma'aikata. A ƙasar da ba a ba marar aiki ko dala daga baitulmali, ba wanda zai iya naɗe hannu gaba ɗaya. Dole ya taɓa wani abu ko ya kwana da yunwa. Illar wannan lissafi ita ce, abin da takarda ba ta nuna ba, ba a ware masa kuɗi a kasafi.

To, mu bar takarda mu bi mutumin. Ku ɗauki magidanci daga Deule ko Allakaye ko Garhanga. An gama girbi, ya zuba abin da Allah ya ba shi a rumbu, ya ƙiyasta ya ga hatsin ba zai kai iyalinsa damina ba. Ya cire bakinsa daga tukunyar gida, ya sauko Madawa, ya sami wurin kwana a zauren wani ɗan garinsu. Bayan sallar asuba yana tasha. Nan zai tarar da irinsa ashirin ko talatin, kowa idonsa a kan hanya. In babbar mota ta tsaya a yi ca a kanta, a ɗauki mutum shida, saura su koma gindin bango. Daga nan ya nufi inda ake gini, ya tambayi magini ko ana son mai kwaɓa ƙasa. A ce masa mai gida ya tsayar da aiki sai siminti ya sauko. Ya zaga wurin masu buga bulo, ya leƙa garakar albasa a fadamar Tarka ko ana son mai ban ruwa. Kafin azahar ya taka tafiyar da ta fi ta mai zuwa ofis sau biyar, cikinsa ba komai sai kokon dala goma, wani lokaci ma na bashi.

Ina so ku riƙe wannan: neman aiki shi kansa yana cin kuɗi. Sai da kati a waya, don wanda ya yi maka alkawari ba zai kira ka ba, kai za ka kira shi. Sai an biya mai caji. Sai da sabulun wanke riga, don ba a ɗaukar mai dauɗa ko a aikin gadi. Wanda ya yi lakkol kuwa, nauyinsa ya fi haka. Yaron da ya fito daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, duk lokacin da aka buɗe gasar ɗaukar ma'aikata sai ya haɗa takardu daga farko: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta shaidar ba a taɓa ɗaure shi ba, wadda wata uku kawai take yi ta mutu, a buga wa kowace hatimi, a sayi tambur, a biya kuɗin mota zuwa Tawa a dawo. Uwa ta sayar da tunkiya, sakamako ya fito babu sunansa, baɗi a sake. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata, kuma akwai masu digiri a garin nan da za su karɓi aikin da bai kai haka ba da hannu biyu.

Me ya kawo mu nan? Ƙasarmu ta duwatsu ce da fako, damina wata uku zuwa huɗu, sauran shekara rani. Tun kakanninmu maganin da muka sani shi ne tafiya biɗa. Mutanenmu na Adar sun san Abijan, sun san Legas da Kano, sun san Sabha da Tamanrasat kamar yadda suka san kasuwar Tunfafi. Gidajen siminti da kuke gani a Tamaske da Ibohaman, da yawansu da kuɗin waje aka gina su. Wannan dabara ta rayar da mu, kuma ba ni da abin faɗa a kanta sai girmamawa. Aibinta ɗaya ne: ƙofofin da muke bi, makullinsu yana hannun wasu.

Dattawan da ke zaune a gaba sun ga yadda ake rufe su. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu daga Nijeriya, 'yan Nijar da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, ta zauna a rufe har 1986, daidai lokacin da fari ya ci gonaki, shi ya sa har yau ake kiran waccan yunwa El Buhari. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, magani da sukari da kayan gyaran mota suka tashi dare ɗaya. A Satumbar 2002 yaƙi ya ɓarke a Kwaddibuwa. A 2011 Libiya ta rushe, 'yan Nijar fiye da 200,000 suka dawo, kuma jihar Tawa tana cikin waɗanda suka fi karɓar su. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Nijeriya ta sake rufe iyaka. Har yanzu kuma Aljeriya tana kwaso mutanenmu tana zubarwa a Asamaka.

Na baya-bayan nan kowa a zauren nan ya ji shi a jikinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar da ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu. Mai walda ya rufe rumfa, mai niƙa ya kashe inji, mai sayar da ƙanƙara ya koma gida. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma wata guguwar ta riga ta taso daga kudu. An cire tallafin mai a Nijeriya a Mayun 2023, naira ta faɗo daga wajen 460 a kan dalar Amurka ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Ɗanmu da ke tura ruwa a Legas yana yin wahalar da ya saba, amma in ya aiko, abin da uwarsa ke karɓa a gidan aika kuɗi na Nita ko Al Izza ya zama ɗan kaɗan. Dillalin Illela ta Nijeriya da ke sayen ragunanmu ya rage zuwa, ɗan bumburutu da ke sayar da mai a kwalba ya rasa ribarsa, ɗan kabu-kabu ya wuni yana ƙona mai babu fasinja. Albasar Galmi, wadda ake nema har Akara da Abijan, ta sha ruɓewa a hanya, kuma kowace motar da ba ta tashi ba, 'yan dako da masu ɗinkin buhu da masu abincin tasha ne suka rasa na cefane.

Duk lokacin da ƙofa ta rufe, mutanen da suka dawo ba gona suke komawa ba, don gona ba ta da aiki da rani. Gari suke tarewa. Wannan ne asalin cunkoson da kuke gani a gindin kowace bishiya.

Yanzu in zo kan fada, wato majalisar shayin samari, don nan ne ake yawan yi wa matasanmu rashin adalci. Mai wucewa a mota yana ganin samari sun kewaye buta da gawayi, sai ya ce zaman kashe wando. Ni na zauna a fada, na san abin da ke cikinta. Nan ake jin wane gini za a fara, wane direba ke neman yaron mota, wace hanya ce ta buɗe zuwa Agadas. Wanda ya samu yau shi ke sayen sukari da ganyen shayi, gobe wani ya saya, wanda bai samu ba kuma ba a hana shi kofi. In ɗayansu ya kwanta ciwo, su ke haɗa kuɗin magani. In an yi rasuwa a unguwa, su ke haƙa kabari. Wata masaniya mai suna Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda a kan fadodin Nijar a 2019, abin da ke nuna na nesa ma sun ga akwai abin nazari a wurin. Ba na ɓoye cewa akwai fadar da tramol ya shiga, akwai wadda 'yan siyasa suka mayar wurin hayar masu ihu, kuma waɗanda suka kalli fim ɗin Aicha Macky na 2021 a kan matasan Kara-Kara a Damagaram sun ga inda abin ke kaiwa in an yi sakaci. Amma saurayin da ya kai shekara talatin bai iya yin aure ba, ba shi da ɗakin kansa, ana kiransa yaro a gidan ubansa, ina kuke so ya zauna ya ji shi ma mutum ne?

Akwai kuma wadda ba a gani a gindin bishiya, alhali ita ke ɗauke da kaya mafi nauyi. Matar marar aiki tana tashi kafin shi. Ita ke suyar ƙosai, ita ke dakan fura, ita ke aika yarinya talla maimakon lakkol. In abin ya ƙi, ta sayar da akuyarta, daga nan kwanonin jerenta, daga nan zannuwan aurenta, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da maƙwabta sun sani ba. Ita ke zuwa wurin mai tebur ta roƙi a ƙara mata tiya guda a kan tsohon bashi, don mijin ba ya iya haɗa ido da shi. Da dare kuma, mutumin da ya wuni ana ce masa babu, sau da yawa a kanta yake sauke ɓacin ransa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Iyayenmu sarakuna da malamai, ku da ake kawo wa ƙarar rashin ci da sha, kun fi ni sanin aure nawa ke mutuwa tsakanin Maris da Yuni. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991 ya bazu har ƙasashen waje, ya tsare mutuncin gidaje da yawa a nan, sai dai asusu ba ya haifar da kuɗin da babu su a gari.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, wannan yanki ya taɓa nuna wa duniya cewa akwai aikin yi da rani. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, kuma manoman Buza sun ga bambanci a zangarniyarsu. A 1984, cikin tsakiyar yunwa, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumomin FAO da PAM. Aka jera duwatsu a kan tuddai, aka haƙa ramukan tare ruwa, aka gina madatsai, aka dasa miliyoyin itatuwa, fako ya koma gona. Yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, don maza suna wurin biɗa, kuma da abinci ake biyansu. Wasunsu suna raye, jikokinsu ne ke zaune a tasha yau.

Aikin bai ƙare ba. Ƙoramu suna ci gaba da cin gonaki, yashi yana cike madatsai, shingayen duwatsu suna son gyara. Albasarmu ana sayar da ita da arha lokacin cira, a Maris da Afrilu, don rudun kara ba ya riƙe ta yadda ya kamata, bayan 'yan watanni kuma kuɗinta ya ninka a hannun wanda ya iya ajiya. Gina rumbunan ajiya masu shan iska aiki ne na magina da kafintoci da leburori, kuma ribarsa a nan za ta zauna.

Saboda haka ga roƙona ga masu riƙe da kwaminoninmu, daga Deule har Bangi. Ku fara da ƙirga mutanenku da kanku: a kowace unguwa, wa ke neman aiki, me ya iya, wata nawa yake zaune a shekara. Shugabannin fadodi za su yi muku wannan cikin mako biyu in kun neme su da mutunci. Sannan duk wani aikin gyaran ƙasa ko hanya da za a yi, na gwamnati ne ko na masu ba da agaji, a tsara shi tsakanin Janairu da Mayu, a yi shi da hannun mutane inda ba dole sai inji ba, a biya da kuɗi kowane mako, a gaban jama'a, mace ta karɓi nata a hannunta. 'Yan kasuwarmu na Abijan da Legas, waɗanda Allah ya buɗa wa, sun gina masallatai da yawa, Allah ya saka musu da alheri. A je a same su da lissafin rumbun albasa guda, nawa zai ci, mutum nawa zai ɗauka, shekara nawa zai mayar da kuɗinsa.