Keken ɗinki da katin zaɓe: jawabin shugaban matasa a wajen yaye ɗaliban koyon sana'a

 

Yau wasunku za su koma gida da keken ɗinki, wasu da kayan gyaran waya, wasu da injin walda. Alhamdulillahi. Amma bari in yi tambayar da ba a son yi a irin wannan taro: nan da wata shida, ina kayan nan za su kasance? Mun sha gani ai. A raba kaya ranar Asabar, kafin wata Asabar ɗin sun isa kasuwa. Ba duka ne lalaci ba. Wani babu wuta a unguwarsu, wani babu kuɗin shago, wani masu karɓar haraji ne suka hana shi sakat.

Ni ma na taɓa zama inda kuke. Da na gama difloma na yi shekara biyu ba aiki. Da zaɓe ya zo na shiga liƙa fosta, a ba mu ɗari biyar-biyar, mu wuni muna ihun "sai ka yi". Wanda muka yi wa ya ci. Ranar da na je gidansa neman alfarma, tun hantsi nake zaune a ƙofa har la'asar, mai gadi yana cewa oga na hutawa. A kan bencin nan na gane wautata: na san hanyar gidansa, amma ban san mene ne aikin ofishinsa ba, balle in san abin da yake haƙƙina a ciki.

Ku tuna N-Power. An fara shi a 2016, rukunin farko matasa 200,000, ana biyan masu digiri da difloma naira 30,000 a wata. Ya taimaki gidaje da yawa, ba mai musu. Amma a Oktoban 2023 sanarwa ɗaya aka yi aka dakatar da shi. Duk abin da aka miƙo maka daga sama, haka ake iya janye shi. Shi ya sa muka dage cewa a shirin namu, bayan awannin koyon sana'a, sai an zauna an koyi yadda ake tafiyar da mazaɓa da ƙaramar hukuma. Wasu a ɗaya ɓangaren suna cewa zuga yara muke yi. To in koya wa yaro ya tambayi kansilansa ina aka kwana zuga ce, mun amsa laifinmu.

Sana'arku da mulki a haɗe suke. Mai walda, taransifomar layinku siyasa ce. Tela, rasit ɗin da ake yanka miki a kasuwa siyasa ce. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Waye a cikinmu ya taɓa zuwa sakatariya ya tambaya nawa ya shigo a watan jiya? Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ka damar rubuta wa hukuma takarda ka nemi bayani, ta amsa maka cikin kwana bakwai. Takarda ce da biro, ba gora ba.

Sannan tun 31 ga Mayu, 2018, aka sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takara. Ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Maitama Sule, yana da kimanin shekara 30 ya zama minista a 1959. Mu kuwa har yau a jam'iyyunmu, har da tamu, sai ka ga shugaban matasa da jikoki. Iyayenmu, a yi mana afuwa, amma gaskiya ce. Laifin kuma rabi namu ne, don ranar zaɓen shugabannin mazaɓa ba a ganinmu, sai ranar gangami.

Abu uku nake roƙo. Na ɗaya, kowace sana'a ta kafa ƙungiyarta kafin ƙarshen wata: shugaba, sakatare, ma'aji, da littafin kuɗi da kowa zai iya buɗewa. Wanda ya riƙe adashin mutum ashirin shekara guda ba a ji kansa da kowa ba, shi za mu tsayar kansila, ba wanda ya fi ƙarfin murya ba. Na biyu, duk wanda ba shi da katin zaɓe ya yi rajista da zarar an buɗe, mata da maza. Na uku, kada ku sayar da kayan nan. In ta matse, ku zo ku faɗa wa ƙungiya tukuna.

Ni kuma ga nawa alkawarin: bayan wata shida zan bi ku shago-shago da wannan takardar sunayen, kuma abin da na tarar zan karanta shi a gaban dattawan nan, ko daɗi ko ba daɗi. In ban zo ba, ku fara gwada abin da kuka koya a kaina.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inku, Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa. Wassalamu alaikum.