Gudawa a Gida: Wane Magani Za Mu Saya, Wanne Za Mu Bari?

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ku ba ni minti goma mu yi magana kan abin da ke yawan cinye mana kuɗin asusun taimako da damina, wato gudawa.

Da yawanmu mun san ɗan kafson nan na kemis da ake cewa yana tsayar da gudawa nan take. Sunansa loperamide, wasu sun fi saninsa da Imodium. Kamfanin Janssen ne ya haɗa shi a ƙasar Beljiyam a 1969, kuma kowane kafso miligiram 2 ne.

To yaya yake aiki? Hanjinmu kullum cikin motsi yake, yana tura abinci gaba yana tsotse ruwan da ke ciki. Idan gudawa ta kama mutum, sai komai ya riƙa wucewa da gudu. Shi wannan magani dangin kodin ne. Yana kama jijiyoyin jikin hanji ya rage musu sauri, sai bayan gida ya daɗe a ciki ya yi kauri. Idan an sha shi bisa ƙa'ida, a hanji yake tsayawa, ba ya hawa kai. Idan kuwa aka zarce, yana rikita bugun zuciya, har ya kai ga rasa rai.

Babban mutum da gudawa ta kama, ga tafiya ko kasuwa a gabansa, zai iya shan kafso 2 da farko, sannan 1 bayan kowace fita. Kada ya wuce 4 a rana sai da izinin likita, kada kuma ya wuce kwana 2. Amma in da jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, a bar shi. Kulle ƙwayar cuta a ciki kenan. Mai juna biyu ta fara tambaya a asibiti.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. Wannan magani ba na yara ƙanana ba ne. A jikin jariri yana iya tsayar da hanji cak, ciki ya kumbura. A 1990 sai da aka janye nau'insa na ɗigawa jarirai a baki, bayan wasu yara sun mutu a Pakistan. Kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro mai gudawa, shi kuwa kafson nan ko cokali ɗaya ba ya mayarwa.

Abin da ke mayar da ruwa shi ne ORS, ruwan gishiri da sukari. Sukarin ne ke jan gishirin ya ratsa hanji, ruwa ya bi bayansu. Ki duba jikin fakitin, yawanci a lita 1 ta ruwa mai tsabta ake zubawa, wato fiya wata leda 2. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, wanda ya kwana ya yini a zubar. Ki haɗa da zinc: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 kuma rabin haka. Kada a daina ba shi nono da abinci.

In kika ga ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, yaro ya ƙi sha, ko amai ya ƙi tsayawa, kada ki ce haƙori ne. Asibiti kawai, ko da tsakar dare ne, kuɗin mota kuma dama don irin haka muka tara.

Shawarata, mu cire wani abu daga asusun taimako mu sayi ORS da zinc mu ajiye wajen Ma'aji tun kafin ruwa ya sauka. Shugaba, bismillah, a ji ra'ayin 'yan'uwa.