Filin Maradi amana ne: jawabin jagoran ƴan takararmu na majalisar birni

Iyayenmu maza da mata, malamai, masu unguwanni, ƴan kasuwa, manoma da makiyaya, matasan Maradi, da ƴan uwanmu da suka taso daga Jiratawa, Madarunfa, Ɗan Isa da Tibiri, barkanku da zuwa. Allah ya saka muku da alheri.

Ranar Lahadi 13 ga Disamba 2020 za ku zaɓi kansilolin da za su riƙe muku gari. Rabonku da irin wannan zaɓe tun Janairun 2011. Wa'adin shekara biyar aka ba su, ga shi an kusa shekara goma ana ɗaga zaɓen. A cikin waɗannan shekaru an yanka filaye, an sayar, an gina, ba wanda ya dawo ya yi muku lissafi. Shi ya sa yau maganata ɗaya ce: ƙasar da garin nan ke zaune a kanta, wa ke rabon ta, kuma da wace doka.

Ku tambayi tsofaffinmu. Maradi ta farko a cikin kwarin Gulbi take. A 1945 ruwa ya zo ya cinye ta, aka haura da mutane kan tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu, aka zana unguwanni. Garin da muke taƙama da shi, ambaliya ce ta haife shi. Amma wancan zane na ƙaramin gari ne. Ƙidayar 2001 ta sami mutum wajen dubu 148 a Maradi, ta 2012 ta sami sama da dubu 267. Cikin shekara goma sha ɗaya gari ya kusa ninkawa, yau kuwa ya wuce nan nesa. Ina magudanan ruwan da suka ƙaru tare da shi? Ina taswirar da ta ce nan gida, nan makaranta, nan hanyar ruwa? Damanar bana ta ba mu amsa. Kun ga katangun da suka zube, kun ga iyalan da suka kwana a ajin makaranta, kun ga kwazazzabai suna cin bakin tudu suna matsowa ƙofar gidajen mutane. Ruwa ba ya mance hanyarsa. Wanda ya sayar maka da fili a kanta ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kai ka rage da ruwan.

Ku mutanen iyaka kun fi kowa sanin ciwon. A Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ciniki ya tsaya, mai ɗan abin hannu ya ce bari ya adana shi cikin fili. Ɗan uwanka yana Jibiya ko Katsina ko Kano yana fafutuka, ya aiko da kuɗi a saya masa wuri. Ranar da ya zo aza tubali sai ya tarar da wani riƙe da takarda irin tasa, lamba ɗaya, hatimi ɗaya. Daga nan sai gidan shari'a, sai gaba tsakanin zuri'a biyu. Tushen wannan ɓarna a fili yake. Ma'aikatar magajin gari da ba ta iya tara haraji ba, yankan filaye ya zama mata saniyar tatsa. Kuɗi ya ƙare, sai a nemi gonar wani a yanka. Gona ta ƙare, sai a waiwayi filin da aka keɓe wa makaranta, ko kasuwa, ko maƙabarta.

Ku dubi Yamai. Tun 1965 aka fara dasa dajin da ya kewaye babban birnin ƙasa don ya tare iska da ƙura. Yau ku je ku ga yadda gine-gine suka cinye shi gefe-gefe. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da za mu yi in kun ba mu rinjaye a majalisa. Za mu kafa ma'aikata guda ta tsarin filaye da kare muhalli, a ƙarƙashin birni, wadda da'irori uku na Maradi za su bi ta ƙofarta. Shugabanta da jarrabawa za a ɗauke shi, a bainar jama'a, ba za a tambaye shi katin jam'iyya ba, ko da tamu ce. Ma'aikatar za ta kasu sassa huɗu.

Sashe na farko, rajista. Littafi ɗaya, taswira ɗaya, a takarda da cikin kwamfuta. Kowane fili da lambarsa, girmansa, sunan mai shi, da ranar da ya canza hannu. Kafin ka biya ko dala, ka zo ka duba, ko ka aiko wakili in kana ƙetare. Filin da bai shiga littafin nan ba, magajin gari ba shi da ikon sa masa hannu.

Sashe na biyu, tsarin gari. Masu awon fili da injiniyoyi su ne za su fara taka wuri kafin a yanka shi, su auna inda ruwa ke gangarawa, su fitar da tituna, su keɓe wurin makaranta, gidan likita, kasuwa, masallaci da filin wasan yara. Zanen za a manna shi a ƙofar mai unguwa kwana talatin, kowa ya gani, mai ƙorafi ya kawo. Mai gonar da za a yanka, za a rubuta kasonsa gaban shaidu tun kafin a kafa turke na farko. Tun ran gini ran zane.

Sashe na uku, ruwa da itatuwa. Aikinsa ya shata wuraren da ba a sayarwa har abada: gadon Gulbi da fadamarsa inda masu lambu ke ciyar da gari, bakin kwazazzabai, tafkunan da ke shanye ruwan sama, burtalin dabbobi da mashayarsu. Shi zai riƙa yashe magudanai kafin saukar damana, shi zai ɗaure bakin kwazazzabai da duwatsu da shuke-shuke. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a wurinmu. Manoman jihar Maradi ne suka nuna wa duniya cewa in ka bar tohon gawo da kalgo cikin gona ka yi masa sassabe mai kyau, daji zai dawo ba tare da an dasa ko ɗaya ba. Abin da ƙauye ya iya, birni ba shi da hujjar kasawa.

Sashe na huɗu, sulhu da koke-koke. Ba sabuwar doka muke ƙirƙira ba. Tun 1993 ƙasarmu ke da dokar tsarin karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da kuke kira Kofo, inda sarakuna, manoma, makiyaya, mata da ma'aikatan gwamnati ke zama tare. A wurare da yawa Kofo suna ne kawai, ba ofis, ba babur, ba takarda. Wannan sashe zai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da su, musamman a bakin gari inda iyakar birni ke haɗuwa da gonakin maƙwabtanmu. A 2016 gwamnati ta sa hannu cewa ta miƙa wa ƙananan hukumomi aikin muhalli, tare da ilmi, lafiya da ruwa. Za mu bi ta har Yamai mu nemi kuɗin da ya kamata ya biyo aikin.

Sai batun kuɗi, don nan ne ake faɗuwa. Duk sefar da ta fito daga sayar da fili za ta shiga asusu na dabam, ba za a taɓa ta don albashi ko man mota ba. Za ta koma unguwar da aka yanka, ta zama magudana, titi da famfo. Kowane wata uku za a karanta lissafin a rediyo da Hausa. Kwamitin da zai binciki asusun, kujerar shugabansa ta ƴan adawa ce. In mu ne ke mulki, abokan hamayyarmu ne za su riƙe mana fitila.

Za a zo a ce muku muna shirin rushe gidajen talakawa. Ƙarya ne. Wanda ya daɗe zaune a wurin da ba haɗari, za mu auna masa, mu ba shi takardarsa. Wanda ke kan hanyar ruwa, sai an nuna masa wani wuri kafin a ce ya tashi. Za a kuma ce wannan tsari zai jinkirta gini. Jiran kwana talatin ya fi shari'ar shekara biyar sauƙi, ya fi tono yaro daga ƙarƙashin katanga.

Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake shigo mana, ya ratsa mu, ya koma Najeriya. Ba ya tambayar kowa takardar ƙasa ko jam'iyya. In mun tsare masa hanya ya shayar da lambunanmu, in mun toshe ta ya shigo mana ɗaki.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, namu ko na wasu, ku yi masa tambaya uku. Za ka buɗe littafin filaye kowa ya gani? Waɗanne wurare ne ba za ka taɓa sayarwa ba? Kuɗin fili ina za su? Mu mun ba da amsarmu a rubuce, ga ta a hannunku. Ku adana takardar nan, ku kama mu da ita.

Ku nemi katin zaɓenku tun yanzu. Ku kira ƴan uwan da ke ƙetare su dawo gida. Ranar Lahadi ku fito da sassafe, ku jefa ƙuri'a cikin lumana, ku tsaya har a ƙirga. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare Maradi, ya albarkaci Nijar.