Katanga ko Mashi: Wa Ya Kamata a Fara Zaɓa?



Maganar da aka ɗora mini yau ita ce: idan za a kafa ƙungiyar ƙwallo, wa ya kamata a fara nema, gwanin da jama'a za su yi wa tafi, ko kuwa waɗanda za su tsaya su kare shi? Daga Amurka wannan gardama ta taso, amma in kun ba ni aron kunnuwanku za ku ga ta iso har filayenmu na Garun Mallam.

A Amurka akwai wani irin ƙwallo da ake riƙewa a hannu, ana ture-ture kamar kokawa. Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na gasar NFL sukan zauna su zaɓi samari daga jami'o'i bi da bi, wadda ta zo ƙarshe a bara ita ke fara zaɓe. A cikin 'yan wasa akwai kwatabak, watau madugun da ke karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan'uwansa. A gabansa kuma akwai ƙarti biyar da ba su da aiki sai tare abokan gaba kada su murƙushe shi. Su ne katanga, shi ne mashi.

A 2002 sabuwar ƙungiyar Houston Texans ta fara da madugu, David Carr, alhali ba ta gina katanga ba. A shekararsa ta farko sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu, ƙungiyar kuwa wasa 4 ta ci cikin 16. Andrew Luck, wanda Indianapolis Colts ta zaɓa na farko a 2012, gwani ne ba shakka, amma raunuka suka sa ya ajiye wasa a 2019 yana ɗan shekara 29. Ita kuwa St. Louis Rams, a 1997 ɗan katanga ta fara ɗauka, Orlando Pace. A Janairun 2000 ta ci babban kofi da madugu Kurt Warner, mutumin da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi lokacin da ya gama jami'a.

Masu ja da ni za su ce, ai Cleveland Browns ta ɗauki Joe Thomas a 2007, ya shekara 11 yana tsaron katanga kamar dutse, amma ko sau ɗaya ƙungiyar ba ta kai zagayen neman kofi ba. Gaskiyarsu. Katanga ba ta cin wasa ita kaɗai. Sai dai maganarmu ta wanda za a fara da shi ce, ba wanda za a tsaya a kansa ba.

To, mu dawo gida. A ƙwallon ƙafa irin namu mashi shi ne ɗan wasan gaba, katanga kuwa mai tsaron gida ne da 'yan baya da 'yan tsakiya. Ranar 22 ga Maris 1980 Green Eagles ta ci Aljeriya 3 da 0 a Legas ta ɗauki kofin Afirka. Kowa na tuna ƙwallaye biyu na Segun Odegbami da ɗaya na Muda Lawal. Kaɗan ne ke tuna cewa cikin wasa biyar ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragar Best Ogedegbe, ga kyaftin Christian Chukwu tsaye a gabansa.

Ga kuma Kano Pillars. A kakar 2009 zuwa 2010 Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, amma Enyimba ce ta ɗauki kofi, Pillars ta zo ta biyu. A 2010 ɗin ya tafi Holand. Duk da haka Pillars ta ci gasar sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, da Theophilus Afelokhai a raga da Rabi'u Ali a tsakiya. Ba rage darajar Ahmed Musa nake yi ba. Abin lura shi ne, gwanin gaba baƙo ne, ran da tauraronsa ya haska ran nan masu kuɗi za su zo su ɗauke shi. Katanga ce ke zama a gida.

'Yan'uwa, mutumin Garun Mallam bai kamata a koya masa wannan darasi ba, don kullum yana ganinsa a gona. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ke biyo babbar hanya, ya rabu ƙananan hanyoyi, ya shiga fadamun Kadawa da Kura da Bunkure. Baƙo in ya zo Kwanar Gafan, kwandunan tumatir da ake lodawa zuwa Legas su ne za su burge shi. Manomi kuwa ya san in kachala ta toshe hanyar ruwa, komai kyan iri asara ce. Amma shi wannan manomin, da an sayar da tumatir kuɗi sun shigo, sai ka ga matasan ƙauyensa sun yi karo-karo sun ɗauko ɗan wasan haya daga birni saboda gasa ɗaya. Ya zo ya tsaya gaba yana jiran ƙwallon da babu mai kawo masa, a baya kuma ana ta zuba musu. An gama gasa ya koma birni da kuɗinsu, mai tsaron gidansu ko safar hannu ba shi da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da yawa daga cikinku gobe ku ne malaman wasanni a makarantu, ku ne sakatarori a ƙananan hukumomi, kuma kuɗin da za a damƙa muku ba za su taɓa isa ba. Saboda haka ga shawarata. Na farko, a fara da mai tsaron gida da 'yan baya biyu da ɗan tsakiya ɗaya, 'yan gari, a bar su tare shekara biyu ko uku har su san motsin juna, domin gwani haihuwarsa ake yi, amma katanga gina ta ake yi. Na biyu, kuɗin hayar baƙo a sayi ƙwallaye da takalma da su, a biya mai koyarwa. Na uku, in Allah ya fito da yaro mai baiwa a cikinku, ku karɓe shi hannu biyu, amma kada ku jefa ɗan shekara 16 cikin ƙarti ba mai taimakonsa, a karya shi tun bai nuna ba.

Malam Shugaba, amsata ke nan: katanga tukuna, sannan mashi.