Lokacin Haihuwar Shanu a Gandayen Kiwo na Amurka



Maganar yau a kan shanu take, amma ba shanun da ake tatsa ba. Shanun nama ne na manyan gandayen kiwo da ke jihohin Nebaraska da Montana da Dakota ta Arewa da ta Kudu, a ƙasar Amurka. Mai irin wannan gandu ba ya sayar da nono ko man shanu. Abin da yake kai wa kasuwa shi ne 'yan maruƙa, kuma saniya ɗaya maraƙi ɗaya take ba shi a shekara. Saboda haka arzikinsa na shekara ɗungum yana rataye ne a kan 'yan makonnin da shanunsa ke haihuwa.

Su makiyayan can ba sa barin bijimi cikin garke kullum. Sukan sake shi ne tsakanin watan Mayu da Yuli, na wajen wata biyu, sa'an nan su ware shi. Da yake cikin saniya kwana 283 yake yi, ko kusa da haka, sai haihuwa ta zo a jere daga Fabrairu zuwa Afrilu. Wannan lokaci shi ake fassarawa da bazara, amma kada sunan ya ruɗi mai sauraro. Bazararsu fitowa ce daga matsanancin sanyi, ƙasa na daskare, ƙanƙara kuma ba ta gama zuba ba.

To, me ya sa mutum zai zaɓi shanunsa su haihu cikin wannan hali? Dalili shi ne kasuwa. A watan Oktoba ko Nuwamba ake yaye 'yan maruƙa a sayar wa masu turke, kuma da awon nauyi ake biya. Maraƙin da ya rigayi ɗan'uwansa zuwa duniya da wata guda, ya fi shi nauyi ranar ciniki. Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Saniya mai shayarwa ta fi kowace bukatar abinci, ga shi sabuwar ciyawa ba ta tsiro sai wajen Mayu. Tilas mai gandu ya ciyar da ita da ingiricin da ya tara ko ya saya, wanda ke cikin abubuwan da suka fi cin kuɗinsa.

Aikin kansa ba barci a cikinsa. Karsana tana haihuwar fari ne tana shekara biyu, ba ta gama girma ba, don haka ita ta fi shan wuyar naƙuda. Akan tara irinta kusa da gida, ana zagayawa da fitila bayan kowace awa biyu ko uku har gari ya waye. In maraƙi ya maƙale, a ɗaura masa sarƙa a ƙafa a jawo a hankali. In ya gagara, a kira likitan dabbobi ya yi fiɗa. Da ya faɗo kuwa, abu biyu ne gaba: ya bushe, ya kuma sha dakashi. Maraƙi ba ya zuwa da garkuwar jiki daga cikin uwarsa, daga dakashi yake samunta, kuma hanjinsa na daina karɓar wannan garkuwa bayan kamar yini da kwana. Wanda sanyi ya kama kafin ya tsotsa, akan sa shi a mota ko a kai shi cikin ɗaki a ɗumama shi. Idan kuma wata saniya ta rasa ɗa, wani maraƙi ya rasa uwa, tsohuwar dabara ita ce a feɗe mataccen a yafa wa marayan fatar, uwar ta sansana ta ji warin ɗanta ta karɓe shi.

Bayan sanyi sai zawo, wanda ke kashe 'yan maruƙa cikin makonninsu na farko. Masanan Jami'ar Nebaraska sun lura cewa manyan maruƙa ke gurɓata makiyaya, ƙanana su kwasa. Sai suka tsara cewa a riƙa kora shanun da ba su haihu ba zuwa sabon fili kowane mako, a bar masu jego a inda suke. Da haka kowane jariri ke faɗowa a ƙasa mai tsabta.

Duk da wannan, akwai abin da ya fi ƙarfin dabara. A tsakiyar watan Maris na 2019, guguwar ƙanƙara da ambaliya suka auka wa Nebaraska ana tsakar haihuwa, madatsar ruwan Spencer da ke kan kogin Niobrara ta karye, shanu da maruƙa masu yawa suka salwanta. Daɗin daɗawa, fari na shekaru ya sa makiyaya da dama sun sayar da iyayen shanunsu. A watan Janairu na 2024, shanun Amurka duka miliyan 87.2 ne, adadin da bai taɓa yin ƙasa haka ba tun 1951. Da garke ya ragu sai maraƙi ya yi tsada, mutuwar ɗaya ta zama babbar hasara.

Wannan ne ya sa wasu masu gandu suka sake lissafi, suka mai da haihuwa zuwa Mayu ko Yuni, lokacin da ciyawa ta fito, sanyi ya wuce. Marukansu ba su kai na maƙwabta nauyi a kaka, amma kuɗin ingirici ya ragu, mace-mace sun ragu, mai gandu kuma ya samu barci. Waɗansu kuwa sun tsaya a kan Maris, domin aikin gona na jiransu a Mayu, kuma jinkirin na kai barbara cikin zafin Agusta, lokacin da shanu ba su cika ɗaukar ciki ba.

Abin lura dai shi ne, ranar da aka saki bijimi ita ke yanke yadda haihuwa za ta kasance bayan wata tara. Makiyayin da ya auna ciyawarsa da sanyin ƙasarsa da hannuwan da zai samu kafin ya buɗe wannan ƙofa, ya gama rabin aikinsa. Saura kuwa sai abin da Allah ya yi.