Garwaya Ƙarafa da Canjin Siffar Baƙin Ƙarfe



Hausawa kan ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Wannan magana kuwa ta yi daidai da abin da masana suka gano game da baƙin ƙarfe, domin ingancinsa ya dogara ne ga abin da aka garwaya masa da kuma zafin da aka sarrafa shi a ciki.

Da farko dai, ƙwayoyin zarra na baƙin ƙarfe suna jeruwa ne cikin tsari, kamar ɗakuna masu kusurwa takwas. Daga zafin ɗaki har zuwa digiri 912 a ma'aunin Salshiyas, kowace kusurwa tana da ƙwaya, sannan akwai guda a tsakiyar ɗakin. Wannan siffa ita ake kira farait. Daga digiri 912 zuwa 1394 sai tsarin ya sauya, ƙwayoyin su zauna a kusurwoyi da tsakiyar kowace fuska, wato ostenait ke nan. Bayan haka ya koma tsarin farko, har ya narke a digiri 1538.

Muhimmancin wannan sauyi shi ne, ostenait yana iya shanye kabon har kusan kashi 2 cikin ɗari, farait kuwa ba ya wuce kashi 0.02. Idan maƙeri ya gasa wuƙa ta yi ja, ya tsoma ta cikin ruwa nan take, kabon ɗin ba ya samun sukunin fita, sai a sami wata siffa mai tauri da gautsi da ake kira matensait.

To, abubuwan da akan garwaya wa ƙarfe sun kasu biyu. Nikel da manganis da kabon suna faɗaɗa iyakar ostenait, har ya iya zama daram a zafin ɗaki. Kuromiyam da silikon da molibdinam kuwa farait suke ƙarfafawa. A 1882 Robert Hadfield na Shefild, a Ingila, ya haɗa ƙarfe mai manganis kimanin kashi 12 cikin ɗari, wanda yake ƙara tauri gwargwadon dukan da yake sha. Saboda haka ake amfani da shi a mahaɗar layin dogo da injin fasa dutse. A garin ne kuma, a 1913, Harry Brearley ya sami ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kuromiyam kusan kashi 13. Daga baya aka haɗa kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, aka sami ƙarfen cokula da tukwane da kayan asibiti.

Sakaci da wannan ilmi yana da hatsari. Tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jiragen ruwa na dakon kaya samfurin Liberty fiye da 2,700, waɗansu suka tsage, waɗansu ma suka rabe biyu. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen ne yake yin gautsi idan sanyi ya yi yawa, halin da aka sani ga farait. Cikin gyare-gyaren da aka yi har da ƙara manganis da rage kabon.

Haka kuma, ƙarfen da ba ya tsatsa yakan sami rauni wajen walda, domin kabon yakan kama kuromiyam a iyakokin ƙwayoyinsa, tsatsa ta shiga ta nan. Maganin wannan shi ne a zuba ɗan niyobiyam, wanda yake riga kuromiyam kama kabon. Kwalambait yana ɗaya daga cikin ma'adinan da ake samun niyobiyam a cikinsu, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, daga wuraren haƙar kuza na Jos.

A ƙarshe, ma'aikacin da aka ɗora wa sayen rodi ko bututu ko ƙarfen gada, wajibi ne ya nemi takardar gwaji mai nuna yawan kowane sinadari da yadda aka gasa ƙarfen aka sanyaya shi. Ƙarafa biyu kan yi kama da juna a ido, alhali ɗaya zai lanƙwashe ya ba da gargaɗi, ɗaya kuwa ya karye farat ɗaya da rayukan jama'a a kansa.

Allah Ya sa a amfana, amin.