Jawabi Kan Wakilin Suna a Turanci

Iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Abuja, barkanmu da haɗuwa.

Tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare nan a 1991, da Turanci muke rubuta takardar neman aiki da ta fili. To, inda muka fi tuntuɓe shi ne wakilin suna, wato kalmar da ke maye gurbin suna.

Na farko, mukan ce "Audu ya zo", sai mu kwashi "ya" ɗin nan mu ce "Audu he came". Bature bai yarda ba. Ko Audu, ko "he", ba a gwama su.

Na biyu, a wurinmu mota mace ce, gida namiji. A Turanci duka "it" ne.

Na uku, kai da ke da ku duk "you" ne. In yaro ya ce wa malaminsa "you", kada mu tsawata masa, ba rashin kunya ba ne. Ladabin yana cikin "sir" da "please".

Jama'a, mu riƙa duba waɗannan kafin mu miƙa takarda ofis, domin ita ke shiga gaban manya kafin mai ita. Allah ya sa mu dace, amin.